Sunan Maganin da Zakariya'u Ya Manta

Zakariya'u ɗan garin Dogarawa ne, ɗan fari ga Inna Hawa'u. Tun yana saurayi ya bar garma ya shiga karen mota a wata tsohuwar akori-kura mai bin kasuwannin ƙauye. A lokacin an san shi da riƙon saƙo. Mata kan tare shi a tasha, wannan ta ce a gaya wa ɗiyarta ta Konni ranar suna, waccan ta ce a sayo mata zare kala kaza, ya gyaɗa kai kawai ya wuce. Da yamma kowa ta ga saƙonta ya isa, ba ragi ba ƙari.

Da ya yi aure ya samu babur ya koma kabu-kabu, sai ya sayi babbar waya irin mai shafawa. Ta kuwa yi masa rana. Fasinja na kira, saƙo na tafiya da murya, duk abin da aka gaya masa mai muhimmanci sai ya ce, "Dakata in ɗauki hotonshi." Haka ya yi shekaru, bai taɓa jin ya rasa komai ba.

Wata shekara Inna ta yi ciwon haƙori, aka yi mata wata allura. Nan take maƙoshinta ya kumbura, numfashi ya gagara, da ƙyar aka ceto ta a Konni. Likitan da ya duba ta ya ja Zakariya'u gefe, ya nuna masa kwalin maganin, ya faɗi sunansa a hankali.

"Wanga da danginshi duka, kada a sake ba ta. Ka riƙe sunan da kyau."

Zakariya'u ya ɗauki hoton kwalin, ya tura wa ƙanwarsa Wasila da ke aure a Sakkwato, ya mayar da waya aljihu.

Damina biyu bayan haka, wata ranar Talata da hantsi, yana ƙetare wani kwari da ruwan sama ya cika, babur ya zame. Shi da fasinja ba su ji ciwo ba, amma waya ta bi ruwa. Yana isa gida jiƙe, sai matarsa Hanifa ta tare shi a zaure.

"Tun ɗazu nike kiranka! Inna ba ta gane mutane."

Ya tarar da tsohuwar kwance, jiki zafi rau, ƙirjinta na ƙugi. Suka ɗora ta a babur, Hanifa na riƙe da ita ta baya, sai ɗakin likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya saurari ƙirjinta, ya ce ciwon huhu ne kuma ya yi nisa. Ya ɗauko kwalba da sirinji, sannan ya tsaya.

"Akwai maganin da jikinta ba ya so?"

"Akwai," in ji Zakariya'u da sauri. "Ya kusa kashe ta."

"Mi ne sunanshi?"

Zakariya'u ya buɗe baki. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya tarar da wayam. Yana ganin fuskar likitan Konni, yana ganin har tabarau ɗinsa, amma wurin da sunan ya kamata ya zauna babu komai. Kwalin fari ne ko shuɗi?

"Kira wani wanda ya sani," Majo ya ce, ya miƙa masa tasa wayar.

Ya karɓa ya zura wa lambobin ido. Lambar Wasila, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda yake magana da ita kusan kullum, ko farkonta bai zo masa ba. Hanifa ta duba ƙaramar wayarta, ba ta da lambar Wasila, don kullum ta wayar mijinta suke gaisawa. Inna ta ja wani numfashi mai kama da shaƙuwa. Zakariya'u ya mayar wa Majo wayarsa.

Majo ya ajiye kwalbar. Ya ce ba zai yi ganganci da ran mutum ba. Akwai wani magani na daban da ba ya dangi da waɗanda aka saba, amma babu shi a nan, sai farmasi a Malbaza. Ya faɗi sunan, ya rubuta a takarda.

Zakariya'u ya hau babur. Ya ƙudurta a ransa wannan sunan ba zai kuɓuce masa ba, ya yi ta nanata shi da ƙarfi a kan hanya kamar mai tilawa. Wata babbar mota ta watsa masa ruwa, ya kauce, ya yi salati. Da ya tsaya gaban farmasi ya nemi sunan a kansa, babu. Sai takardar ya miƙa.

Allah ya sa da sauran kwana. Inna ta ɗauki makonni kafin ta iya zama ta sha fura da hannunta. Da Zakariya'u ya sayi wata waya ya samo lambar Wasila wurin dangi, tambayar farko da ya yi mata ita ce sunan maganin.

"Wayyo Yaya, ai wayata ta cika, na goge tsoffin hotuna. Na ɗauka kai ka riƙe."

Ya je Konni neman likitan, aka ce an yi masa canjin wurin aiki tuni. Ya roƙi wani likita ya duba masa kansa, ko wata cuta ce ta kama shi. Aka ce lafiyarsa lau.

Har yau yana kabu-kabu tsakanin Dogarawa da Malbaza, wayar na aljihunsa cikin leda. A gidan kaf babu wanda ya san sunan abin da zai iya kashe Inna. In ta yi tari daga ɗakinta, ko loma ce a hannunsa, sai ya ajiye ya kasa kunne.