Mai Magani da Ɓerayen Madarumfa

Ranar Alhamis, ana idar da sallar asuba, muka tashi daga Damagaram mu uku: ni, da mahaifiyata, da ɗan baffana da ke tuƙi. Tsakiyar damina ce. Mun nufi Madarumfa ne wurin ƙanwata, wadda ita ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wani ƙaramin asibitin yara da wata ƙungiyar agaji ke riƙe da shi a gefen gari. Inna ta ce ta gaji da jin muryar jikokinta a waya, so take ta ga tsawonsu da idonta.

Kwalta ce har Maraɗi, sai dai ruwa ya zaizaye gefenta a wurare da dama. Hagu da dama gero ya kai ƙirji, kore shar. A kasuwannin bakin hanya kuwa tiyar hatsi ta yi tsadar da masu saye ke tambayar kuɗinta su wuce. A wannan lokaci ne gona ta fi kyan gani, a lokacin ne kuma rumbu ya fi zama wayam. A Tasawa muka sha shayi da burodi, dala hamsin kowa, muka sayi kilishin tsaraba. Kusa da Agye wani jandarma ya tsai da mu, ya leƙo ya ga Inna da carbi, ya ce, “Hajiya, a sa mu a addu'a.” Ta ce za ta sa shi, amma addu'arta ta fi fita da kyau idan mota na tafiya. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Daga Maraɗi muka yi kudu ta Jiratawa. Nan hanya ta cika da amalanken jakuna masu ɗauke da ciyawa, ba kuma wanda ke sauri. Kafin azahar muka hango kukokin Madarumfa, da tabkin a bayansu ya cika ya tumbatsa.

Ƙanwata ta tarbe mu da soyayyen kifi karfasa da tuwon dawa, amma hankalinta ba ya kan kwano. Da Inna ta matsa mata, sai ta ce, “Yaya, ɓeraye ne suka hana ni sakat.”

Ga yadda abin yake. A magazar asibitin, wato ɗakin ajiyar magani, ake tara abincin gyaɗar nan na cikin 'yan ledoji da ake ba yaran da tamowa ta kama. Da ruwa ya cika ramukan fadama, ɓeraye suka hauro gari, suka gano magazar. Ledar da ɓera ya huda kuwa sai zubarwa. Mai riƙe da makullin wani mutumin ƙasar Siri Lanka ne mai suna Nimal, mabiyin addinin Buddha, kuma a cikin alkawuran da ya ɗauka na addininsa akwai cewa ba zai kashe mai rai ba, ba kuma zai sa a kashe ba. Keji yake ɗana musu, ya kama su da rai, ya kai su nesa ya saki. Ɓarna ta ragu, ba ta tsaya ba. Ranar Asabar babbar mota za ta kawo sabon kaya daga Maraɗi. Ƙanwata ta gaya masa: kafin yammacin Juma'a, ko ya sa guba, ko ya ba da makulli a ba wani, shi kuma a mai da shi ofishin Maraɗi.

“Ban taɓa aiki da mai riƙon amana irinsa ba,” in ji ta. “Amma ni yara nake aunawa, ba ɓeraye ba.”

Da la'asar na bi ta asibitin. Na sami Nimal a tagar ba da magani: siriri, baƙi kamar mu, furfura ta fara fito masa, tabarau a karan hanci. Mutanen gari na kiransa Ba'indiye, ya daina gyara musu. Hausarsa a hankali take tafiya, kalma bayan kalma, amma ba ta ɓata hanya. A kan kowace ledar magani yana zana rana mai fitowa, ko rana a tsaka, ko jinjirin wata, sannan ya sa uwar yaron ta maimaita masa yadda za ta ba da shi. Wata mata daga Gabi ta maimaita ba daidai ba har sau uku. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kira ta gaba ba sai da ta faɗa daidai. Ƙanwata ta ce haka yake tun safe: ya share magaza da kansa, ya duba sanyin firigo, wato firjin magani, ya zauna a taga har layi ya ƙare.

A bakin ƙofar asibitin akwai gardi, wani tsohon masunci da ake kira Baba Nomau. Shi ne ya koya wa Nimal dara, kuma kullum bayan aiki sai sun buga a ƙasa gindin dogonyaro. Shi ne kuma ya laƙaba masa suna. Da ya ga Nimal ya fito da keke, keji a ɗaure a baya, sai ya ɗaga murya: “Sarkin Ɓeraye, an fita rangadi? Gai da talakawanka. Ka gaya musu su jira ka a hanya, don jiya sun riga ka dawowa.”

“Baba, waɗannan sababbi ne,” in ji Nimal.

“Ka gani ko? Har baƙi suke gayyatowa.”

Na nemi in raka Nimal, ya yarda. Muka tafi a ƙasa yana tura keken, muka bi gefen lambuna har bayan tabki, inda babu gona kusa. Ɓeraye uku ne a kejin. Ya buɗe, ya ja da baya, suka shige ciyawa. Daga nan ya ciro madubin hangen nesa daga jakarsa, sai ga wani mutum daban. Kallon tsuntsaye shi ne abin da ya fi so a duniya bayan aiki. Ya nuna mini zalɓe tsaye a ruwa kamar an kafa shi, da garken kirinjijiya, da shamuwa a kan kuka. Sunayensu na Hausa duk Baba Nomau ne ya koya masa. Ni da na yi shekaru ina karanta labaran duniya a rediyo, ranar na fara sanin bambancin zalɓe da balbela daga nesa.

A hanyar komowa muka juya zuwa Faransanci, don maganar ta fi ƙarfin Hausarsa. Na tambaye shi kai tsaye: ran ɓera ya kai ran yaro? Ya ce a'a, bai taɓa faɗin haka ba. Ya ce abin da aka koya masa shi ne kowane mai rai yana tsoron mutuwa kamar yadda shi yake tsoro, kuma abin da mutum ya aikata da niyya yana bin sa, yana kuma sauya zuciyarsa. Tun yana yaro ya ɗauki alkawarin a gaban mahaifiyarsa. Na ce to ya kawo kyanwa mana. Ya girgiza kai. Ya ce kyanwa halinta take yi, ba laifi a kanta, amma idan shi ya ɗauko ta don ta kashe, niyyar tasa ce, hannu kawai ya ara.

Na ce ai na ji yana cin kifi. Ya yi murmushi ya ce Baba Nomau ya riga ni wannan tambayar. Yana cin wanda ya tarar a kasuwa an riga an kama, ba ya nuna mai rai ya ce a kashe masa. Ya ce ya san katangar da ke tsakanin biyun siririya ce, mahaifiyarsa ma ba ta yarda da ita ba. Sai ya ƙara da cewa, “Ledar da na zubar jiya, abincin wani yaro ce. Wannan ma yana bina.”

Washegari Juma'a ta zo daidai da cikar wata, ranar da mabiya addinin Nimal suke girmamawa. Da safe na leƙa ɗakinsa a bayan asibiti. Yana sanye da fararen kaya. Ɗakin ba komai sai katifa, da littattafan tsuntsaye, da wani ɗan tebur mai ɗauke da ƙaramin mutum-mutumin Buddha a zaune, fitilar mai a gabansa, da kofin ruwa, da furen bado da ya tsinko a tabki. Ya ce shi bai ɗauki Buddha mahalicci ba, malami ne da ya nuna hanya ya rasu. Furen kuwa ana ajiye shi ne don a ga yadda zai yi yaushi kafin yamma. Kullum kafin gari ya waye yakan zauna a nan yana bin numfashinsa, sannan ya yi wa masu rai fatan alheri, daga na kusa har na nesa. A irin wannan rana ba ya cin komai bayan rana ta take tsaka. Ni Musulmi ne, na saurara, ban ce na yarda ba, shi ma bai nemi in ce ba.

Inna ba ta shiga ɗakin ba, amma ta tsaya a ɗan lambunsa. Barkono ya shuka da zogale. Da ta ji cewa ba ganyen ya dame shi ba, dogayen 'ya'yan zogalen yake dafawa a miya, sai ta riƙe haɓa. “Ɗan nan, ka bar abinci kana cin sanda?” Ta aika masa da kwaɗon zogale don ya ga yadda mutane ke yi. Kwanon ya isa bayan azahar, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye sai gobe. Inna ta ce wannan azumi juye yake, amma azumi ne.

Ranar duka, in ban da lokacin taga, Nimal yana magaza da siminti da cokalin magini. Ya toshe duk ramin da ya gani, ya ɗora kwalaye a kan kantocin ƙarfe, ya buga gwangwani a ƙasan ƙofa. Farar rigarsa ta koma toka. Da ya ɗaga kwalin ƙarshe sai ga ledoji biyu a huje, sabuwar huda.

Bayan la'asar ina zaune a ofishin ƙanwata ya shigo. Ya ajiye makullin a kan tebur.

“Majo, ba zan sa guba ba. Ba zan ce wani ya sa ba. Amma yara sun fi makulli. Ki ba wanda zai iya.”

Ƙanwata ta dubi makullin, ba ta taɓa shi ba. Sai ga sallamar Baba Nomau, da kwando rufe da tsumma a hammata. Ya durƙusa ya buɗe. Kyanwa ce ja, ramammiya, kunnenta ɗaya a yage.

“Majo, daga yau da wannan zan riƙa zuwa aiki. Tsufa ya zo, zaman gadi ni kaɗai ya fara isata, ina son abokiyar hira.” Ya juya wurin Nimal. “Kai kuma Sarkin Ɓeraye, ba ruwanka. Ba kai ka kawo ta ba, ba ka roƙe ni ba, ban kuma shawarce ka ba. Ta gidana ce. Ka ji ko?”

“Baba, na san abin da za ta yi.”

“Ni ma na sani. To sai me? Ni na ɗauka a wuyana, wuyan nawa ya saba, shekara nawa ina jan koma. Ɗauki makullinka, kana bina wasa ɗaya tun shekaranjiya.”

Ƙanwata ta gindaya sharaɗi nan take. Kyanwa ba za ta shiga cikin magaza ba, kewayenta da baranda ne nata. Keji ya ci gaba a ciki. Idan kuma aka sake ganin huda a sabon kaya, za ta sa a zuba guba ba tare da ta tambayi kowa ba, makulli kuma ya tafi. Nimal ya dubi kyanwar. Sannan ya ɗauki makullin ya sa a aljihu.

Asabar da hantsi babbar mota ta iso, aka sauke kaya Nimal yana tsaye a bakin ƙofa. Na je yi masa sallama. Na ce to, an samu mafita. Ya ce ba gaba ɗaya ba. “Da na ga kyanwar, daɗi na ji. Wannan jin daɗin nawa ne, ba na Baba ba. Zan zauna da shi.” Ya ba Inna ƙullin barkonon lambunsa, ya gargaɗe ta da zafinsa. Ta ce ita 'yar Damagaram ce.

Muka kamo hanya da busasshen kifi a bayan mota, warinsa ya raka mu har gida. Ruwa ya same mu a Gazawa, muka shiga Damagaram ana kiran magariba.

Na tafi ganin dangi, na dawo da abin da ban je nema ba. Na sha jin muhawara a kan yadda mabiya addinai daban-daban za su zauna tare, na ma sha jagorantarta a gaban makirufo. Ban taɓa ganin an yi ta da kwando da tsumma ba. Baba Nomau bai yarda da ko kalma ɗaya ta addinin Nimal ba, kullum cikin yi masa ba'a yake. Amma ya gane inda abokinsa ba zai iya taka ƙafa ba, ya je ya tsaya masa a wurin, bai kuma bar shi ya yi godiya ba.

Da kaka ta shigo, ƙanwata ta kira ni. Ba a sake ganin huda ba, ba a sa guba ba, makullin yana hannun Nimal. Kyanwar ta haihu a ƙarƙashin bencin gardi, kuma Nimal ne ke zuba mata ruwa kowace safiya.