Burodin Jajiberin Ranar Addu'a

Ingelise Thorup mai dafa abinci ce a wata makarantar yara a garin Struer, mace mai kafiya wadda ba ta iya roƙo ba. Sai ga shi bana gwamnati ta soke hutun Ranar Addu'a, ta tsinci kanta gaban shugabar makaranta tana lallashi. Alhamis kaɗai aka ba ta, Juma'a da safe, ranar hutun da aka soke, a gan ta a bakin tukunya. Hutun da aka gada tun kaka da kakanni, wasu masu kwat sun zauna sun share shi, ko kunya babu.

Ba rashin yawon hutun ne ya dame ta ba. Yayarta Bodil tana gidan kula da tsofaffi a Kopenhagen, mantuwa ta ci ƙarfinta. Duk shekara a jajiberin hutun sukan zaga tsohuwar ganuwar birni, su ci burodin alkama mai zafi da man shanu. Bara ma sai da ƙamshin burodin ya tashi Bodil ta gane ta, bana kuwa Ingelise tana tsoron ko hakan ba za a samu ba.

Ta sauka daga jirgin ƙasa a Kopenhagen ta tarar da birni maƙil da baƙi, suna ɗaukar hoton kwale-kwale da gidaje masu launi, masu keke na ta kaɗa musu ƙararrawa. Ta kutsa shagon burodi ta nemi na alkama.

"Ya ƙare, Mama," in ji mai sayarwa. "Kaɗan muka yi, tunda ba hutu. Ga mai kirfa, baƙi na son sa."

"Na yi miki kama da baƙuwa? Ina cin burodin nan tun ba a haifi uwarki ba."

Sai can bayan wani coci ta samu ragowa. A gidan tsofaffin kuma aka ce yau ranar aiki ce, babu mai raka su ganuwa. Ingelise ta shiga kicin ɗinsu ba sallama, ta tsaga burodin ta sa a wuta. Tana ta mita ita kaɗai har gefensa ya ƙone.

Da kanta ta tura Bodil a keken guragu har kan ganuwa, ƙarƙashin itatuwan da suka yi sabon toho. Duk hanya Bodil na kallonta kamar wata ma'aikaciya, har da ce mata an gode. Ingelise ta shafa man shanu ta miƙa mata.

Bodil ta shinshina, ta jujjuya shi, ta ɓata fuska.

"Ingelise, ke dai har ki mutu ba za ki iya gashi ba. Wai ke ce mai dafa wa 'ya'yan mutane abinci?" Ta gatsa. "Gobe ai hutu ne. Ki kwana nan."

Tikitin jirgin yamma na cikin aljihun Ingelise. Ta goge idonta da bayan hannu.

"Hutu ne mana, Yaya," ta ce. "Wanda ya soke shi ya je ya dafa wa yaran."