Motar da Malam Isyaku Ya Mayar Aji

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Birnin Kudu ya san dokar nan. In ka je gaida Malam Isyaku, ka yi masa ina kwana, ka tambayi iyali, ka tambayi gajiya, amma ko gumi na ɗiga daga haɓarka kada ka kuskura ka ce yau ana zafi. Kana faɗa zai kashe rediyonsa, ya laluba aljihu, ya zaro makulli. Shi ke nan, ka ja wa kanka. Akwai wata tsohuwar mota a ƙofar gidansa, tayoyinta sun daɗe da nutsewa a ƙasa, amma gilasanta ƙalau suke, kullum da kansa yake goge su. Sai ya buɗe maka ƙofa kamar direban gwamna, ya ce, "Bismillah, shiga ka ji." Kana shiga ya rufe, ya ja da baya, ya harɗe hannuwa yana kallonka.

Labarin ƙasa ya koyar a sakandare duk tsawon aikinsa, nan da Gwaram. Da ya yi ritaya aka karɓe masa aji, sai ya mayar da motar aji, mu mutanen unguwa muka zama ɗalibai ba tare da an tambaye mu ba. Ni kuwa na fi kowa shan darasin, don ni nake auren 'yarsa Binta, ga shi kuma kanikanci ne sana'ata. A wurin Malam, mai tayar da matattun injina ai babban mai laifi ne.

Ranar da na fara zuwa gaishe shi, kafin a sa mana rana, tsakiyar bazara ce, bayan azahar. Na sha sabuwar shadda, babbar riga, sitati har tana ƙara. Binta ta ja min kunne, amma da na durƙusa a gabansa komai ya gudu daga kaina. Ya ce ya hanya, na ce lafiya lau Baba, sai dai zafi. Sai na ji ƙarar makulli.

Abin da ban sani ba shi ne, ƙa'idarsa in mutum ya ji a jikinsa sai ya ƙwanƙwasa gilashi, a buɗe masa. To ni ina zan ƙwanƙwasa wa suruki? Na zauna na sunkuyar da kai. Shi yana jira in buga, ni ina jira ya buɗe. Sitatin rigata ya narke, hulata ta jiƙe, na fara ganin mutane biyu-biyu. Allah ya taimake ni matarsa, Inna Asabe, ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, in ka kashe wannan, kai za ka nemo wa Binta wani." Ya buɗe, ya dube ni sama da ƙasa, ya gaya mata yaron yana da haƙuri, fahimta ce dai sai a hankali. Ko ruwa ban gama sha ba ya fara bayani.

"Rana ɗaya ce a ciki da waje," in ji shi. "Haskenta ya ratsa gilashi ya shiga, ya zama zafi, ya nemi hanyar fita ya rasa. To cikin hayaƙin da muke turawa sama, na mota, na janareto, na dajin da ake ƙonewa, akwai wata iska da ido ba ya gani. Ita ce take zame wa duniya gilashi. Kaɗan daga cikinta rahama ce, ba don ita ba da sanyi ya gama da mu. Mu ne muke ta murɗa gilashin sama."

Ya ƙara da cewa itace mai rai shanye wannan iskar yake yi ya ajiye a jikinsa, in aka sare shi aka ƙone, ya mayar da ita gaba ɗaya. A nan ne na gane inda maganar ta dosa. Duk mu da ake sakawa a mota gwaji ake yi da mu, mutum ɗaya yake hari: ƙanensa Alhaji Sule. Suna da gonar gado a Kangire wadda ba a raba ba, rabi fadama, rabi tudu, kuma tudun cike yake da tsofaffin ɗorawa da kanya da tsamiya tun na kakanninsu. Alhaji yana so a sayar wa masu gawayi itatuwan, tarakta ta samu hanya, a zuba riɗi. Malam ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa su. Alhaji kuwa ko kusa da motar ba ya zuwa, daga tsallaken titi yake gaisuwa.

Bayan biki na ce bari in nemi fada. Na ɗebo kayan aikina da sassafe, na buɗe gaban motar, na ga injin bai mutu can-can ba, batir ne da 'yan tarkace. Ina cikin kwance filogi sai ga shi a kaina, yana tambayata me ta yi min. Na ce Baba, so nake in tayar maka da ita, ka huta da hawan haya. Ya kama hannuna ya janye shi a hankali.

"Duk garin nan ita kaɗai ce motar da ta tuba. Kai kuma so kake ka mayar da ita gidan jiya."

Na tattara spanonina na tafi da kunyata. Amma ku ji ikon Allah, mutumin nan duk sati sai na goya shi a babur zuwa Kangire ya duba itatuwansa. Rannan na kasa haƙuri, na ce Baba, ai wannan ma hayaƙi take yi. Ko a jikinsa. Ya ce ni ne mai tuƙi, shi kaya ne kawai. Kuma duk gangarar da muka zo sai ya daddaɓa min kafaɗa in kashe inji mu sulala. In gangarar ta ƙare babur ya ƙi tashi, ni ne da turi, shi yana tafe a baya yana min bayanin duwatsun gefen hanya, wanne ya girmi wanne.

Wadda ta ci moriyar motar ta gaskiya Inna ce. Daddawa take yi da kalwar ɗorawar gonar nan, kuma kun san in an dafa kalwa sai an rufe ta a wuri mai ɗumi kafin ta tashi. Wata rana ta saci makullin ta jera ƙorenta a kujerar baya. Ta ga abin ya yi sauri, sai ta ƙara da shanyar kuɓewa da tumatir a gaba, inda ba akuya, ba kaza. Muka ce yau za a yi ta. Ina! Malam murna ya kama yi, yana kiran masu wucewa su zo su ga hujja. Inna ta ce tun da aka kawo ta gidan nan, yau ne karatunsa ya fara shiga tukunya. Sai dai daga lokacin darasi ya gajarce ƙwarai, don ba mai iya jure zafi da warin daddawa a haɗe. Har wani mai gyaran takalmi ya rantse ya yarda da sauyin yanayi tun kafin a rufe ƙofar.

Alhaji Sule dai bai yarda ba, kuma ba wawa ba ne. Yakan ce shi ma ya ga damina ta canza hali, ruwa ya makara, in ya zo kuma ya zo da hauka. Amma hayaƙin da ake magana na manyan masana'antun ƙasashen waje ne, me 'yan ɗorawar Kangire za su tare? Malam yakan ce gaskiyarsa, su suka fi kowa laifi, amma don maƙwabci ya cinna wa unguwa wuta ba ka ɗauko kananzir ka ƙara ba. Haka suke rabuwa kullum, kowa yana cewa ɗan'uwansa taurin kan mahaifinsu ya gado.

Sai aka yi wata damina da ta wahalar da kowa. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke ƙaf, shuka ta ƙone, aka sake. Alhaji ya yi asara, ransa ya ɓaci, ya kira masu injin sare itace ba tare da ya gaya wa yayansa ba. Labari ya iso mana da hantsi. Na goya Malam muka kama hanya, kuma ranar ko a gangara bai ce in kashe inji ba.

Mun tarar har sun sauke kaya. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya shimfiɗa dardumarsa a gindin babbar ɗorawar, ya ajiye buta, ya zauna ya jingina. Da ya ɗaga kai sai ya ga shugaban masu saran tsohon ɗalibinsa ne, magidanci har da furfura. Ya tambaye shi aikin itace a duniya, kamar suna aji. Mutumin nan, da inji a kafaɗa, ya zayyano amsa tiryan-tiryan, bai bar komai ba.

"Daidai," in ji Malam. "To me ya kawo ka?"

"Malam, yara ne a gida, kuma shukata ta ƙone."

Da Malam ya ji haka, sai ya ce a kira masa Alhaji da mai unguwa da dattawa, a raba gonar yau. Da aka taru ya ce shi ya ɗauki tudu da itatuwansa, Alhaji ya riƙe fadamar gaba ɗaya. Kowa a wurin ya san fadamar nan ita take ciyar da gidan Malam tun da ya bar aiki. Shi kansa Alhaji sai da ya ce Yaya, wannan ba rabo ba ne, cuta ce. Malam ya ce ya ji, a shaida.

Wallahi raina ya ɓaci. A hanyar dawowa na ajiye kunyar surukuta, na ce Baba, ka ba da shinkafa ka karɓi inuwa, me za a ci a gida? Kuma itatuwan nan su za su sanyaya duniya?

"Ba za su sanyaya ta ba," ya ce. "Na koyar da yara ba adadi, na saka rabin unguwa a mota, ban ga wanda ya fasa komai ba, har kai. Ɗalibina ma ka ji shi, kuma bai yi ƙarya ba. Duniya ta fi ƙarfina. Waɗannan ne kaɗai na isa in ce a bari, a bari."

Inna kuwa da ta ji, ta daɗe tana zuba masa miya ba daddawa, in ya yi ƙorafi ta ce ya je ya ci inuwa. Gidan ya ɗan ji jiki, ba zan ɓoye ba, amma ba a kwana da yunwa ba. Gero yana yi a tudun daidai gwargwado, daddawar Inna tana fita kasuwa har garin Sara, kuma duk kaka sai Alhaji ya aiko da shinkafa, ya ce a gaya wa Inna tata ce, ban da mijinta. Malam yakan ci ya ƙoshi, ya ce shinkafar bana ba ta kai ta da ba.

Bara ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Inna tana fita takaba masu gawayi suka dawo, don sun san mai hanawa ya tafi. Ni suka samu a gareji in yi musu iso. Magada suka ce sai abin da Inna ta ce, ni kuma na tabbata za ta amince, tunda ba wanda ya kai ta mitar itatuwan nan, ga shi gidan yana bukata. Na same ta a tsakar gida tana tsince kalwa, na durƙusa na isar da saƙo. Ba ta ɗago ba.

"Ka ce musu mai gonar bai ba da izini ba."

Na ce, "Inna, ai mai gonar ya rasu."

"To su jira ya dawo."

Ta ci gaba da tsintarta, sai na ga hawaye na sauka a cikin ƙwaryar. Na tashi na fita, don ni ma nawa idon ya cika.

Allah ya ji ƙan Malam Isyaku, ya yafe masa kurakuransa. Duk wanda ya huta a gindin itatuwan nan, mutum ko dabba, Allah ya kai masa ladan, ya sa shi a inuwar da ba ta gushewa. Inna kuma Allah ya ba ta haƙurin rashinsa. Amin.