Hular da ta kira rina

Shekarun baya, lokacin da nake sayen mangwaro tun yana bisa in tsinke in kai Kano, na sayi wani lambu a wajen Gammo, ni da abokina muka haɗa hannu. Mai hau mana bishiya wani dattijo ne mutumin Kabo, Baba muke ce masa. Ba shi da gona, da hawan nan yake ciyar da gidansa.

Da hantsi ya ɗaga kai ya dubi babbar bishiyar ya ce, "Alhaji, akwai gidan rina a reshen can. Zan bi a hankali, ba ruwansu da ni. Abu ɗaya na roƙa, kada wanda ya kashe ko guda. In aka murƙushe ta, warin da take fitarwa kira ne. 'Yan uwanta duk za su taso, kuma inda warin yake nan za su nufa."

Abokina ya ce, "Baba, yanzu har rina ta fara buga waya?"

Na taya shi dariya. A lokacin gani nake duk faɗin Gwarzo ba wanda ya kai ni wayo.

Baba ya yi nisa da aiki sai reshe ya fizge masa hula ta faɗo. Daidai nan wata rina ta sauka a kan kwandon mangwaro. Abokina ya ɗauki hular ya danne ta, ya murza, ya kakkaɓe, ya ƙifta mini ido, sannan ya cilla sama. "Baba, cafe."

Ganye ya kare Baba, bai ga abin da aka yi ba. Ni na gani, na yi shiru. Baba ya ɗora hular a ka.

Nan take gidan rinar ya tashi. Mu da ke ƙasa ko ɗaya ba ta kula mu ba, kansa suka rufe. Ya saki reshe don ya kare idonsa, ya faɗo. Ƙugunsa ya karye.

Muna hanyar kai shi asibiti, yana nishi a bayan mota, abokina ya ce, "Ƙaddara ce, sai haƙuri. Amma fa kada kayan nan su kwana a lambu."

Na ce wa direba ya tsaya. Na ce wa abokina, "Sauka."

"Haba Alhaji, a kan rina?"

"Dattijo ya roƙe ka abu ɗaya, ka mayar da shi abin wasa. Je ka kwana da mangwaron."

A bakin titi na bar shi, kuma daga ranar ba mu sake haɗa ko kwando ɗaya ba.

Baba ya tashi, amma da sanda. Bai ƙara hawa ba. Bayan wata uku na je gidansa na faɗa masa yadda aka yi da hular. Ya ce, "Kai kana wurin?"

Na ce ina wurin.

Ya ce, "To."

Na yarda da ƙaddara, amma har yau in na ji mutum ya yi ganganci ya laɓe a bayanta, raina ɓaci yake. Na daɗe ina zuba wa abokina wannan fushin shi kaɗai, don ya fi sauƙi. Gaskiya rabi nawa ne. Kalma uku ce, "kada ka sa", kuma bakina lafiyarsa ƙalau. Duk kaka ina kai wa gidan Baba hatsi, yana godiya, yana sa mini albarka. Bai taɓa janye wannan "to" ɗin ba, ni ma ban taɓa roƙonsa ya janye ba.