Motar Yaya Ta Dawo

Shekara talatin da ɗaya yana sauke inji a garejin bayan gidan mai, har sunansa na yanka ya ɓata. Ba-Dawowa ake ce masa, don motar da ya gyara ba ta komowa da ƙorafi. Gajere ne, ga ɗan tumbi, ga tabarau ɗaure da zare, ga baki. In mota ta lalace a hannun wani bakanike, bakaniken ne jaki. In wadda shi ya taɓa ce ta yi tari, to direba ne bai iya ba. Haka ya raba duniya ya huta.

Sai yayarsa ta kawo tata. Ita ta goya shi yana jariri, yanzu kuma ƙwai take rarraba wa shaguna a wata tsohuwar mota mai shan baƙin mai kamar shayi. Kwana tara ya yi a kan injin. Ya sa sabon ringi, ya wanke komai tas, ya ɗaure, ya tayar, ya ce ta je sai ta gaji da ita.

Bayan kwana biyu aka jawo motar da igiya. Ruwa ya tafasa a hanya, injin ya buga, kiret ashirin na ƙwai sun sha rana a baya.

"Yaya, kin duba ruwa?"

"Na duba."

"Allurar zafi fa, da ta hau?"

"Hanya zan kalla ko allura, Auta?"

"To, kun dai ji," in ji shi, yana waiwayar makanikan da suka taru.

Babban ɗanta, ma'aikacin asibiti, dama ya daɗe yana so ta ajiye tuƙi. Nan take ya samu abin riƙewa. "Mama, ga shi Kawu ma ya faɗa. Shekaru sun ja." Matar da ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, sai ga shi ta buɗe jaka, ta miƙa wa ɗan nata mukulli.

Washegari da rana, kowa ya tafi cin abinci, Ba-Dawowa ya kwance tiyon ruwa na ƙasa. Yatsarsa ta taɓo wani abu mai laushi. Ya jawo. Tsumma ne shuɗi, hannun tsohuwar rigarsa. Ɗabi'arsa ce ya toshe kowace kafa da tsumma in ya sauke inji, kada yashi ya shiga, abin da yake yi wa sauran makanikai gori a kai kullum. Wannan ɗaya ya manta. Shi ya hana ruwa zagawa.

Ya duba hagu, ya duba dama. Babu kowa. Ya cusa shi a aljihu.

Kwana uku yana yawo da shi. Kunya ta ishe shi, abinci ma ya daina yi masa daɗi, shi da ba ya wasa da cikinsa. Ran na huɗu ya nufi gidanta. Ya tarar da ita a baranda, hannu a cinya, tana kallon titi a lokacin da ta saba zagaya shaguna. Ɗanta da matarsa suna falo, ƙofa a buɗe.

Ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye tsumman a gabanta.

"Yaya, ba ke ba ce. A tiyo na manta wannan. Ni na kashe miki inji."

Ta ɗaga tsumman da yatsa biyu, ta juya shi, ta dube shi ta saman ido.

"Ka ce me?"

"Na ce laifina ne."

"Ni na ji, Auta, kunnena ƙalau. Masu mukullin ne ba su ji ba. Ɗaga murya."

Ya share maƙogwaro, ya juya wajen falo, ya ɗaga.