Rigar da Mama Yimga Ta Ba da Aro

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Bafang da yunwa ya san Mama Yimga, in bai san sunanta ba to ya san kokinta, alalar nan tamu ta manja a ganyen ayaba. Rumfata tana jikin tata tun 'ya'yanmu suna goye, ni tumatir da attaruhu, ita tukunya da murhu. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, ni kuwa Allah ya hore min baki, shi ya sa zamanmu ya daɗe. Hayaƙi ya cinye mata ido, yanzu sai ka zo dab da ita take shaida ka. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Romuald.

Abin da matar nan take nema a duniya ba wani abu ba ne mai yawa. So take ta binne ɗanta kusa da ubansa kafin ta mutu. Shi ke nan fa, kuma har yau bai yiwu ba.

Romuald ɗan acaba ne, dogo, mai tsokanar tsiya. Kullum da safe sai ya tsaya a gabana ya ce, "Mama Marceline, yau ma tumatirinki ya fi ki kyau."

In ce, "Tafi can, mai kai kamar kwakwa. Ka fara samo matar da za ta yarda da kai tukuna."

Yana da wata jar riga mai kauri, 'yar gwanjo, da ba ya rabuwa da ita. Salansar babur ta ƙona hannun hagu, manja ya ɗiga a ƙirji, aljihu ya yage uwar ta ɗinke da koren zare don shi ta samu a lokacin. Ko daga ƙarshen tasha ka hango jan nan ka san shi ne.

Shekarar da abin ya faru an jera kwanaki ana ruwa kamar ba za a daina ba. Rannan sai rana ta buɗe da zafi. Ya zo ya ci koki a tsaye, ya tuɓe rigar ya rataya a ƙusar rumfar uwarsa, ya ce, "Mama, bari in leƙa gida, na ga bangon baya yana tsattsafo da ruwa." Da tsakar rana tudun da ke saman unguwarsu ya zafto a kan gidaje. Waɗanda suka gani sun ce ya ciro yara biyu daga laka, ya koma ɗauko na uku, sauran ƙasar ta sauko. Katafila ta yi tono na 'yan kwanaki, ta ciro waɗanda ta ciro, sannan aka ɗora ta a babbar mota aka tafi da ita. Romuald yana cikin waɗanda ba a gani ba. Gida, kaya, hotuna, komai ya tafi tare da shi, sai rigar da ke jikin ƙusa.

A wurinmu in ba a ga gawa ba, kututturen ayaba ake sarewa, a sa masa rigar mamacin wadda guminsa ke jiki, a binne a gidan ubansa, sai a ce ya dawo gida. Pa Noumbi, yayan mijinta kuma babban gidansu, ya taso daga ƙauye a kan maganar. Ta ƙi.

"Yaya, ɗana ba ayaba ba ne. Za su dawo su tono shi."

"Yimga, wa zai dawo?"

Rigar ta ci gaba da zama a ƙusa, ba wanki, ba mai taɓawa. Da safe kafin ta hura wuta sai ta kifa fuska a cikinta, ni kuma in yi kamar ina jera tumatir.

Ana nan sai ga Madam Estelle daga Douala, da farar mota da samari masu manyan kyamarori. Wasan kwaikwayo za ta shirya na talabijin a kan zaftarewar ƙasar, kuma Romuald ne jarumin. Ba zan yi mata ƙarya ba, matar ta iya zama da mutane. Ta zauna a kan benci, ta ci koki da hannu, ta yi kuka har kwalliyarta ta zube. Da idonta ya kai kan rigar sai ta miƙe tsaye.

"Mama, ki ara mana ita. In duniya ta ga ainihin rigarsa, wallahi hukuma za ta ji kunya. Da kansu za su dawo da katafila."

Na ce, "Madam, a Douala jajayen riguna sun ƙare ne?"

Ta yi murmushi ba ta kula ni ba, don ta san inda ta taɓa. Kalmar katafila kaɗai Mama Yimga ta ji. Ta sauke rigar da hannunta, ta naɗe a sabon zane, ta ce, "'Yata, kada a wanke."

"Ko sabulu ba zai taɓa ta ba, Mama. Na yi miki alkawari."

Kuma ta cika alkawarin nan, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Wasan ya fito bayan shekara. Sunansa na Faransanci ne mai tsawo, mu dai fim ɗin Romuald muke cewa. Duk ranar Lahadi da yamma mashayar bakin tasha takan cika maƙil. Wani yaro mai suna Ulrich ya fito a Romuald, kuma kai, yaron ya iya! Har yadda Romuald ke karkata kafaɗa in zai hau babur ya ɗauko. Sun sa masa jar rigar har cikin lakar, alhali kowa a nan ya san a ƙusa ya bar ta, amma wa ya tambaye mu? Mama Yimga ba ta gani sosai, takan zauna gaba-gaba, in jan nan ya gifta sai ta ce, "Ga shi nan." Ranar da aka nuna ƙasa ta rufe shi, mutanen da ko sannu ba su zo yi mata ba suka yi ta rusa kuka da kwalba a hannu. Ita tashi ta yi ta je jiƙa wake.

Sai kyaututtuka suka fara zuwa. An yi wani gagarumin biki a ƙasar waje, aka maimaita mana shi a talabijin. Madam Estelle ta hau ta karɓi gunkinta mai ruwan zinariya, ta ambaci iyayen da suka rasa 'ya'ya, aka tafa. Ulrich ya karɓi nasa sanye da jar rigar, aka miƙe tsaye ana tafi. Har mai kula da tufafin wasan ta samu, ta ce ita ko zare guda ba ta bari ya kuɓuce mata ba. A lokacin ban gane me take nufi ba.

Mama Yimga ta matso kunnena. "Marceline, sun yi maganar katafila?"

Na ce, "Ba su kai wurin ba tukuna."

Ba su taɓa kaiwa ba. Ciyawa ta rufe inda ƙasar ta zafto, wasu ma har sun fara shuka masara a gefe. Abin da ya ƙaru kawai shi ne baƙi masu tsayawa a tasha su ce ina uwar jarumi, su rungume ta a yi hoto, wani ko koki ɗaya ba zai saya ba. Na kori da yawa da ruɓaɓɓen tumatir, kuma ban yi nadama ba.

Damina biyu bayan haka ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta sunkuya kan tukunya. Wata safiya ta daɗe tana fuskantar ƙusar nan da babu komai a jiki, sannan ta ce, "In na mutu wa zai tuna ba a binne shi ba? Ki kira min Yaya Noumbi. Na yarda da ayabar."

Neman rigar ni na ɗauka a kaina. Madam Estelle ta koma wani sabon wasa a kan wani jirgin ruwa da ya kife a wata ƙasa, wayarta kullum wata yarinya ce ke ɗauka ta ce Madam tana taro. Na zage yarinyar tas, Allah ya yafe min, ba laifinta ba ne. A ƙarshe wani direba ya samo min lambar Ulrich. Yaron kirki. Ya ce, "Mama, kayan wasan suna sito, ni da kaina zan kawo. Ku sa rana."

Aka sa rana. Muka tafi ƙauye, aka haƙa kabari kusa da na uban, aka sare kututturen ayaba daidai tsawon Romuald aka shimfiɗe a kan tabarma. Dangi sun zo, 'yan acaban tasha sun zo a jere, mata sun ɗora tukwane. Ban taɓa ganin fuskar Mama Yimga a sake ba tun ranar tudu sai rannan. Har tsokanata ta yi, wai ɗankwalina ya yi kama da na amaryar da aka fasa aurenta.

Ulrich ya iso da hantsi, riƙe da babbar jaka. Ya durƙusa ya gaida manya yadda ya kamata. Da na ga girman jakar na ce a raina, wannan ai ta fi ƙarfin riga ɗaya. Ya buɗe, ya ciro jar riga ya ajiye a kan tabarma. Ya sake ciro wata. Sai da ya jera biyar.

Duka biyar ɗin da ƙunar salansa a hannun hagu, da ɗigon manja a ƙirji, da koren zare a aljihu, har karkacewar ɗinkin iri ɗaya. Duka sun sha jar laka ta bushe a jiki.

Pa Noumbi ya ce, "Ɗana, mene ne wannan?"

"Baba, haka ake aikin. In za a ɗauki wurin laka sau da yawa dole a yi riguna iri ɗaya, in wannan ta jiƙe a sa wata. Akwai 'yar takardar shaida da aka manna wa ta ainihin, amma ta faɗi tun a wurin ɗauka. Na zaci Mama za ta gane tata."

Na ce, "Da wane idon? Wanda ta ƙarar a murhu?"

Mama Yimga ta ɗaga min hannu. Ta zauna a ƙasa, ta jawo ta farko, ta shafa aljihun da yatsa, ta kifa fuska a ciki. Ta daɗe. Ta ajiye ta ɗauki ta biyu. Tsakar gidan nan tsit, sai gurnanin aladu a baya. Da ta gama da ta biyar sai ta koma ta farko, ta sake bi ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na kasa kallo, na juya ina share ido da bakin zane.

Ta ɗago ta ce, "Duk ƙanshin yaron nan suke yi."

Pa Noumbi ya dubi Ulrich. "Wacce ce ba ka taɓa sawa ba?"

"Duka na sa, Baba. Wata da watanni."

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Kowa a wurin ya san abin da ke nan, sai Ulrich. Ba a sa gumin mai rai a kabari. In aka yi, to shi aka binne, ƙasa kuma za ta zo neman sauransa. Da aka yi masa bayani sai ya fashe da kuka.

"Ku binne duka biyar ɗin, dole tasa tana ciki. Ni ban yarda da waɗannan abubuwan ba, wallahi na yafe, ba abin da zai same ni."

Wasu daga cikin 'yan acaban suka ce ai tunda da bakinsa ya yafe a yi kawai. Ni ma, in faɗi gaskiya, bakina ɗaya da su. Pa Noumbi bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya bar wa mai ɗa. Da ta ce a yi, da an yi.

Ta ce, "Matso nan, ɗana." Ulrich ya matso, ta kama fuskarsa da hannu biyu. "Mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama. A Edea."

"Ku nawa ne a wurinta?"

"Ni kaɗai ne namiji."

Ta sake shi. Ta ɗauki rigunan tana naɗewa a hankali, tana mayarwa cikin jaka. Da ta zo kan ta ƙarshe sai ta tsaya, ta miƙa masa.

"Sa wannan. Ka juya min baya, ka bi hanyar nan har bakin titi. Kada ka waiwayo."

Ya sa, ya rataya jakar, ya kama hanya tsakanin ayabobin, kafaɗa a karkace. Ba na jin da gangan ya yi, jikinsa ne ya saba. Ta miƙe tsaye tana bin jan da ido, har ya wuce inda idonta ke kaiwa, mu muna ganinsa ita ba ta gani, amma ba ta zauna ba.

Da yamma aka mayar da ƙasar kabarin ba komai a ciki. Kututturen aka ja shi bayan gida aka daddatsa wa aladu. Abincin da aka dafa aka ci, don ba a zubarwa.

Tana nan a rumfa har yanzu, ƙafafun sun ƙara kumbura, ni nake sauke mata tukunya. An fara maimaita wasan ranar Lahadi, masu hoto sun dawo. Kwanan baya wani kafinta ya zo gyara mana rufi, ya kai hannu zai zare ƙusar nan wai ta yi tsatsa, ta ce masa ya bar ta a wurin.