Rugagen da Manhajar Kawu Sada Ba Ta Karanta Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sada, ƙanen mahaifiyata, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa masa ba.

Shi ya samo mini aiki a ofishin lafiyar dabbobi a nan Daura, shi kuma ya rubuta manhajar da muke shigar da ƙidayar shanu kafin rigakafi. Manhajar ba ta da tsanani. Ka rubuta sunan ruga da yawan shanunta yadda ka ga dama, a layi ɗaya ko uku, in dai ka bar fili tsakani za ta gane. Kalma uku kawai ya keɓe mata, da Hausa: TSALLAKE, ta bar layin, MAIMAITA, ta sake ɗaukar adadin baya, ƘARSHE, ta daina karatu.

Wata Alhamis ina saurin zuwa ɗaurin aure a Sandamu, na saka ƘARSHE a tsakiyar jerin don in gwada abin da na shigar. Da na dawo sai na ci gaba da rubutu a ƙarƙashinta, na manta ban goge ta ba. Rugagen yankin Kongolam duk suna ƙasa. Manhajar ba ta ƙidaya su ba, allura ba ta je musu ba, ciwon huhu ya shiga garkunan. Wani dattijo ya zo ofis, bai ɗaga murya ba, sunayen shanunsa da suka mutu kawai ya riƙa kira mana.

Da shugabanmu ya tambaya, Kawu ya duba jerin, ya ga kalmar, ya ga ranar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifin manhajar ne, ni kuwa na rubuta ta." Aka ba shi takardar gargaɗi. Ina tsaye a bayansa, na bar shi ya ɗauki laifin.

A hanyar gida abin da ya ce kawai shi ne, "Lawal, ka ci abinci kuwa?"

A makon ya gyara manhajar, ta koma yin kashedi idan akwai rubutu bayan ƘARSHE.

Yanzu da waya ake ƙidayar. Da yana nan, na san zai tambaya ko wayar na faɗa wa mutum abin da ta bari a baya. Manhajarsa an daina amfani da ita tuni. Abin da ya rage shi ne rufin asirin da ya yi mini, wanda ban taɓa yi masa godiya a kai ba, don godiyar na nufin amsa laifi. Yau na amsa, gaban 'ya'yansa da ke karanta wannan shafi. Ni ne, ba mahaifinku ba. Allah ya jiƙan Kawu.